WAYAR ZAFI TA LANTARKI: A AUNA AIKI KAFIN A JE KASUWA

'Yan'uwa manoma, a dā in ana bukatar zafi a gida ko a gona, itace ne ko gawayi ko kananzir. Yau kuwa ƙungiyoyin gama kai a Tirkaniya, Nasarawa, Kakuri da ƙauyukan da ke kewaye sun shiga ayyukan da ke cin wutar lantarki. Waɗansu suna ƙyanƙyasar ƙwai da inji, waɗansu suna renon 'yan tsaki, waɗansu suna ƙulla garin citta da yaji a leda, waɗansu kuma suna fige kaji domin sayarwa lokacin bukukuwa. Dukan kayan da ake waɗannan ayyuka da su, abu ɗaya ne yake ba su zafi, watau wayar zafi, wadda masu gyaran lantarki suke kira elemen. Ita ce kuma a cikin dutsen guga, da hitar ruwa, da rishon lantarki na gida.

Abu ne ƙarami, ba shi da tsada ƙwarai. Amma in aka zaɓe shi ba daidai ba, ƙwai ɗari biyu suna iya lalacewa a dare ɗaya, ko ɗakin kaji ya kama wuta, ko kuwa wuta ta ja yaro a bakin bokiti. Kuɗin ƙungiya kuwa gumin mutane da yawa ne. Domin wannan muka ga ya kamata mu bayyana yadda ake zaɓensa, tun da yake yawancinmu in muka je kasuwa abin da muke cewa shi ne, "Ba ni mai ƙarfi." Mai ƙarfi ba shi ne mai kyau ba kullum. Mai kyau shi ne wanda ya yi daidai da aikin, ya kuma yi daidai da wutar da muke samu.

MENE NE ELEMEN?

Wutar lantarki tana bin wayar jan ƙarfe a sauƙaƙe, shi ya sa wayar gida ba ta yin zafi. Amma akwai irin wayar da take tauye wuta, sai ta wuce da ƙyar, wannan tauyewa ita ce take haifar da zafi. Wani Bature mai suna James Joule ya auna wannan al'amari a Ingila wajen shekarar 1841. Abin da ya rage shi ne a sami wayar da za ta yi ja wur kowace rana ba ta narke ba, ba ta kuma ƙone ba. A 1906 Albert Marsh na Amurka ya yi rajistar irin wannan waya, haɗin ƙarfe biyu, nikel da kuromiyam. Ana kiranta nikurom, yawanci kashi 80 nikel ne, kashi 20 kuromiyam, tana kuwa jure zafin da ya wuce digiri 1,000. Daga baya aka kafa kamfanin Kanthal a ƙasar Suwidin a 1931, mai yin waya ta baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, wadda ta fi jure zafi, ta kuma fi araha, sai dai in ta tsufa takan yi gautsi.

A kasuwa za ku sami elemen iri huɗu ko biyar.

Na farko, waya tsirara mai lauje-lauje kamar sifirin, wadda ake kwantarwa cikin farantin yumɓu. Tana da araha, tana yin zafi nan da nan, amma duk jikinta wuta ne, wanda ya taɓa ta ja shi.

Na biyu, mai bututu. An sa wayar a tsakiyar bututun ƙarfe, an cusa wani farin gari kewaye da ita. Garin nan yana barin zafi ya fita, amma yana hana wuta taɓa bututun. Irinsa ne a hitar ruwa da tanderun burodi. Akan yi bututun da jan ƙarfe ko da ƙarfe marar tsatsa.

Na uku, mai bututu da aka yi wa fukafukai na ƙarfe, domin ɗumama iskar da fanka ke hurawa.

Na huɗu, siririyar waya mai rigar roba mai jure zafi, da kuma ɗan falle mai faɗi kamar zare, na injin liƙe leda.

Na biyar, ƙwan fitila mai jan haske, wanda aka yi musamman domin ba da ɗumi.

RUBUTUN DA KE JIKINSA

Kowane elemen na kirki yana da lamba biyu a jikinsa. Wadda take da harafin W ita ce wat, watau yawan zafin da yake bayarwa da yawan wutar da yake ci. Wadda take da harafin V ita ce bolt, watau ƙarfin turin wutar da aka yi shi dominta. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Wanda aka rubuta masa 220 ko 240 zai yi aiki lafiya.

Ku riƙe wannan lissafi, gama shi ne tushen kome. Elemen mai wat 1,000 in ya yi awa ɗaya yana aiki, ya ci yunit ɗaya a mita. Mai wat 250 sai ya yi awa huɗu kafin ya ci yunit ɗaya. Mai wat 2,000 kuwa cikin rabin awa ya cinye.

Wani abu kuma da masu sayarwa ba sa faɗa: kowane elemen yana mai da dukan wutar da ya ci ta zama zafi. Ba wanda yake ba da zafi mai yawa da wuta kaɗan. In wani ya ce muku nasa ba ya cin wuta, to ba ya ba da zafi ke nan. Inda ake samun rangwame shi ne wajen tsare zafin kada ya gudu: murfi a kan tukunya, katako mai kauri a jikin akwati, labule a tagar ɗakin kaji.

TAMBAYA TA FARI: ME ZA A ƊUMAMA?

Elemen ba ya son zafinsa ya zauna a jikinsa. Tilas wani abu ya riƙa ɗauke shi. Ruwa yana ɗauke zafi da sauri ƙwarai, mai yana bi a hankali, iska kuwa ita ce ta baya duka. Domin haka wanda aka yi domin ruwa gajere ne, an cusa masa wat mai yawa. In aka kunna shi a fili ba ruwa, cikin minti kaɗan ya yi ja ya fashe. Wanda aka yi domin iska dogo ne, domin zafin ya bazu.

Ga misali. Bututu mai kaurin milimita 8, tsawonsa mita ɗaya, in wat 1,000 ne, kowane ɗan murabba'in santimita na jikinsa yana fitar da wat 4. In aka cusa wat 1,000 ɗin nan cikin bututu mai tsawon santimita 25 kaɗai, kowane murabba'i zai fitar da wat 16. Na biyun sai cikin ruwa. In aka tsoma shi a man gyaɗa, man da ke manne da shi zai ƙone ya yi baƙi tun sauran bai yi zafi ba. Saboda haka in wat ɗaya ne, dogo ya fi gajere daɗewa, ko da ya fi shi tsada kaɗan.

Ku duba irin ƙarfen bututun kuma. Jan ƙarfe ya isa domin ruwan wanka. Amma abin da mutum zai ci ko ya sha, musamman mai tsami kamar nono ko kunu, sai ƙarfe marar tsatsa, gama tsami yana cin jan ƙarfe ya sa shi kore. Matan da ke haɗa sabulu su sani soda tana cin alminiyam, kada ta taɓa shi. Inda ruwan rijiya yake barin farin ɓawo a gindin tukunya, haka zai bar shi a jikin elemen. Ɓawon nan yana riƙe zafi har wayar ciki ta tsinke. A riƙa jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami a goge, kada a kankare da wuƙa.

TAMBAYA TA BIYU: WAT NAWA AIKIN YAKE BUKATA?

Bari mu bi ayyukan ɗaya ɗaya.

Injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza yana bukatar ɗumi na digiri 37.5 zuwa 38 har kwana 21. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar gida 35. Wannan ɗumi kaɗan ne, bai fi na jikin mutum da yawa ba. Abin da ake nema shi ne ya tsaya wuri ɗaya dare da rana. Akwatin ƙwai 50 zuwa 100 da aka rufe da kyau, wat 60 zuwa 100 yakan isa. A nan ne masu son "mai ƙarfi" suke yin hasara. A ce an sa elemen mai wat 1,000 cikin irin wannan akwati. Na'urar da ke kayyade zafi, wadda ake kira tamostat, za ta yanke wuta in an kai digiri 38. Amma ƙarfen ya riga ya yi zafi sosai, zai ci gaba da zubo zafinsa bayan an yanke, akwatin ya haura digiri 40. Ɗan tsakon da ke cikin ƙwai yana iya jure sanyi na awa ɗaya ko biyu, gama ko kaza takan tashi ta je kiwo. Zafin da ya wuce kima kuwa kashe shi yake yi. In kuma tamostat ta lalace ta ƙi yankewa, ƙaramin elemen zai ba ku lokaci ku lura, babba zai dafa ƙwan kafin gari ya waye.

Shawararmu ita ce a sa ƙanana biyu maimakon babba ɗaya, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe ɗumi. A sa ƙaramar fanka ta riƙa juya iska, a ajiye faranti da ruwa domin laima, a kuma rataye ma'aunin zafi dabam daidai da tsayin ƙwai, a riƙa duba shi safe da yamma. Daga mako na biyu ƙwan da kansa yana fitar da ɗumi, saboda haka bukatar wuta raguwa take yi.

Renon 'yan tsaki. A makon fari suna son digiri 32 zuwa 35 a inda suke kwance, sa'an nan a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. A Kaduna, cikin hunturu na Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, lokacin ne tsaki suke hawa kan juna su mutu. Ƙwan fitila mai jan haske na wat 250 yakan ishi tsaki 75 zuwa 100. A rataye shi da sarƙa, kamar santimita 45 daga ƙasa, a cikin mariƙi na tangaran, gama na roba narkewa yake yi. Kada a rataye shi da wayarsa. In ya faɗo kan dusar katako, gobara ce. Waya tsirara mai yin ja ba ta da wuri a ɗakin kaji ko kaɗan, domin ƙura da gashi da dusa. Ku sani kuma fararen ƙwayayen fitila na zamani masu tsimin wuta haske kaɗai suke bayarwa, ba su da ɗumin da zai amfani tsaki.

Tsakin da kansu za su gaya muku ko zafin ya yi daidai. In sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina suna ci suna sha, kome ya yi.

A yi lissafin kuɗi kafin a fara. Fitila biyu masu wat 250 suna cin yunit 12 a kwana ɗaya, watau yunit 252 cikin mako uku in ba a kashe ba. Ma'aji ya dubi rasit ɗin mita ya ga nawa ake sayar masa da yunit, ya ninka. Wani lokaci tukunyar gawayi ta fi araha. Mai amfani da ita ya bar kafar iska a sama, gama hayaƙin gawayi marar wari yana kashe kaji da mutum.

Ruwan zafi. Wannan yana da lissafi mai sauƙi. A ninka yawan lita da yawan digirin da ake so a ƙara, a sake ninkawa da 1.16, sai a raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit. A ce ƙungiya za ta fige kaji, tana son lita 100 na ruwa ya tashi daga digiri 25 zuwa 60, wanda shi ne zafin da ke sakin gashi ba tare da ya dafa fata ba. Lita 100 sau 35 sau 1.16 ya ba da yunit 4 da ɗan ɗori. Elemen mai wat 3,000 zai gama cikin awa ɗaya da rabi. Mai wat 1,500 zai ɗauki kusan awa uku. Bokitin wanka mai lita 20 kuwa, in za a kai shi digiri 60 a surka, bai kai yunit ɗaya ba, hita mai wat 1,000 ta isa. In an ajiye ruwan cikin baƙar randa ko duro a rana tun da hantsi, an rage aikin wuta tun kafin a kunna.

Busar da amfanin gona. A nan muna so mu ja kunne. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya fita daga citta ko tattasai ya zama tururi, sai an kashe kusan kashi biyu cikin uku na yunit. Ɗanyar citta, irin ta Kachia da Kagarko da ƙasar Jaba, kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne. Kilo 100 yana nufin a fitar da ruwa kusan kilo 78, watau yunit 49 in ba zafin da ya ɓata, a zahiri kuwa yakan kusa ninka haka. Tumatir ya fi wannan ruwa nesa. Saboda haka babban aikin busarwa na rana ne. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai babban ofis a Ilorin da reshe a Kano, ta daɗe tana ƙera rumfunan busarwa masu aiki da hasken rana. Lantarki sai domin ƙarasawa, ko domin kaya kaɗan masu daraja a lokacin damina. In za a yi, elemen mai fukafukai ake sa wa tare da fanka, a kuma haɗa su yadda in fanka ta tsaya elemen ma ya mutu. Digiri 55 zuwa 60 ya isa, fiye da haka ƙamshin citta da launin barkono suna tafiya.

Liƙe leda. Fallen da ke cikin wannan inji yana yin zafi na ɗan daƙiƙa kaɗai, wutar da yake samu kuma an rage mata ƙarfi a cikin injin. In ya tsinke a sayi mai tsawo ɗaya da faɗi ɗaya da tsohon, a canja ƙyallen da ke rufe shi tare. Kada a taɓa haɗa shi kai tsaye da wutar bango.

TAMBAYA TA UKU: WACE IRIN WUTA MUKE SAMU?

Tsofaffi har yanzu NEPA suke cewa, ko da yake hukumar da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, daga baya aka rarraba ta aka sayar. Tun ƙarshen 2014 kamfanin Kaduna Electric ne yake rarraba wuta a jiharmu. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa ga awoyin da aka ɗibar musu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na rukunin A ya kai naira 225, sa'an nan aka ɗan rage. Kowace ƙungiya ta san rukunin layinta kafin ta zuba ƙwai a inji, gama kwana 21 ba ya jiran mai kawo wuta.

Sa'ad da wuta ta yi rauni, elemen ya fi ta raunana. In ta sauka daga 230 zuwa 180, mai wat 1,000 kusan wat 610 kaɗai zai bayar. Wannan ba ya ɓata shi, jinkiri kaɗai yake kawowa. In kuwa ta haura zuwa 260, zai ba da kusan wat 1,280, ransa ya gajarta.

Wannan lissafi shi ne yake bayyana haɗarin kayan gwanjo. Wutar Amurka bolt 120 ce. Hita ko dutsen guga da aka yi domin can, in aka sa shi a soket ɗinmu, zai yi zafi kusan ninki huɗu na abin da aka yi shi dominsa, ya ƙone nan take. Akwai kuma akasin haka. Injunan masana'antu suna aiki da wuta mai layi uku, bolt 400 zuwa 415. Unguwanninmu maƙwabtan masana'antu ne: masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta yi aiki har 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, ga kamfanin harhaɗa motar Peugeot da aka buɗe a 1975. A irin wannan gari tsofaffin kayan inji ba sa yankewa a hannun 'yan gwangwan da kasuwar Panteka. Sau da yawa kayan kirki ne masu nauyi. Amma elemen da aka rubuta masa 400, in aka ba shi wutar gida, sulusin zafinsa kaɗai zai bayar. A karanta kafin a biya.

Janareta da batir ma suna da iyaka. Ƙaramin janaretan nan na gida bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki dutsen guga ko hitar ruwa ba, amma zai riƙe injin ƙyanƙyasa ba wahala. Batir mai bolt 12 da lamba 200 yana ɗauke da yunit 2.4, rabi kaɗai ya kamata a ci in ana so ya daɗe. Wannan rabin zai riƙe akwatin ƙwai mai cin wat 60 har awa 20. Rishon lantarki mai wat 1,500 kuwa zai shanye shi kafin awa ɗaya ta cika. Ga wani dalili kuma na zaɓen ƙaramin elemen domin ƙwai. Akwai ma waɗanda aka yi domin bolt 12, ana haɗa su da batir da farantin sola ba tare da inbata ba.

TAMBAYA TA HUƊU: WAYAR GIDAN ZA TA ƊAUKA?

A raba wat da 230, abin da ya fito shi ne amfiya, watau yawan wutar da za ta bi waya. Wat 1,000 amfiya 4.3 ne, wat 2,000 amfiya 8.7, wat 3,000 amfiya 13. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi iyakarsa 13. Ashe soket ɗaya ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000, ko da an yi masa baki huɗu. Wayar fitila mai lamba 1.5 ba ta hita ba ce. Soket yana bukatar 2.5, babbar hita ko tanderu kuwa 4 ko 6, da layinta dabam da makunninta. Siririyar wayar jawo wuta ta kasuwa, wadda akan ja daga ɗaki zuwa akurkin kaji, ita ce mafarin gobara da yawa. In kun taɓa filogi kun ji zafi, ko kun ji ƙaurin roba, a kashe nan da nan. In fis ya ƙone, yana gaya muku akwai damuwa ne, kada a ɗaure shi da waya mai kauri.

A KASUWA

Ku tafi da tsohon elemen a hannu, da takarda da aka rubuta wat da bolt da tsawo. Ku tafi da wanda ya san aikin. Cikin ikilisiyoyinmu da unguwanninmu akwai dattawan da suka yi shekaru suna aikin lantarki a masaƙu, shawararsu ta fi ta mai neman ciniki.

A sa mitar gwaji a bakin elemen biyu a ga yawan tauyewarsa, wadda ake aunawa da om. Domin wutar 230, mai wat 500 zai nuna kusan om 106, mai 1,000 om 53, mai 1,500 om 35, mai 2,000 om 26, mai 3,000 om 18. In an rubuta 2,000 amma mita ta nuna 53, rubutun ƙarya ne. In ba ta nuna kome ba, wayar ciki ta tsinke. Sa'an nan a sa baki ɗaya a kan waya, ɗaya a jikin bututu. Nan kada mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, wuta tana yoyo zuwa jikin ƙarfe, a ajiye shi ko kyauta ne. Farin garin da ke ciki yana shan laima, saboda haka wanda ya kwana damina a rumfa sai an shanya shi sosai an sake gwadawa. Kada a sayi mai kumburi, ko mai tsaga, ko wanda ba rubutu a jikinsa.

Wani abin da akan yi a gida shi ne, in wayar risho ta tsinke sai a yanke a murɗe bakin a ci gaba. Ku sani rage tsawon waya ƙara mata wat yake yi. In aka yanke rabi, wat ya ninka biyu, kowane ɗan yanki nata kuma zafinsa ya ninka huɗu. Wurin da aka murɗe shi ne zai fara ƙonewa. Araha ba ta ado, a sayi sabuwa.

TSARON RAI

1. Kada a sa hannu a ruwa hita tana ciki a kunne. A cire filogi tukuna.
2. A tsoma hita cikin ruwa kafin a kunna, a kashe kafin a fitar. Kada ta taɓa jikin bokitin roba.
3. Hitar da yara 'yan makaranta suke haɗawa da reza biyu ko ƙusa biyu tana sa dukan ruwan ya zama wuta. A hana ta sam.
4. Kowane abu mai jikin ƙarfe, duro ko tanderu ko akwati, a haɗa shi da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya.
5. Inda ruwa da wuta suke haɗuwa, a sa makunnin nan mai yanke wuta da kansa in ta yi yoyo, mai lamba 30. Kuɗinsa bai kai na kaji kaɗan ba.
6. Kada a bar hita ko risho a kunne domin an ɗauke wuta. Za a kawo ta sa'ad da ba kowa a ɗaki.
7. In wutar lantarki ta kama, a kashe babban makunni, a zuba yashi. Kada a watsa ruwa.

ABIN DA KWAMITI ZAI YI

Kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo, sakatare ya rubuta amsar tambayoyin nan huɗu a littafin ƙungiya: abin da za a ɗumama, wat nawa, wace wuta, wace waya. A naɗa mutum ɗaya ko biyu su riƙa lura da kayan, a manna takarda a bango mai nuna wat da bolt na kowane inji, domin in ya lalace ba sai an yi ta tsammani ba. Na injin ƙyanƙyasa kuwa a sayi biyu tun farko, ɗaya a ciki, ɗaya a ajiye cikin leda a busasshen wuri tare da tamostat ta canji, gama elemen ba ya zaɓen ranar kasuwa kafin ya mutu. A kunna sabon inji kwana biyu ba ƙwai a ciki, ana rubuta zafinsa safe da rana da tsakar dare. In ya tsaya daidai, sai a zuba. Rigakafi ya fi magani.

Ƙungiyar da take da tambaya a kan injinta ta rubuto mana, ta faɗi girman akwatin, da yawan ƙwai ko litar ruwa, da awoyin wutar da take samu a rana, za mu taimaka da lissafin.